Diffa: Su wa ke tsaron tabkunan kwarin Komadugu?

Daga Foulatari zuwa Bosso, makiyayi da masunci da manomin tattasai duka sun dogara ne da tabkunan da ke riƙe ruwa bayan damina ta wuce. Rairayi da ciyawa da guba da yawan jama'a na cin waɗannan tabkuna sannu a hankali. A ƙauyuka da dama, masu tsaronsu mutanen gari ne da ba su da albashi. Ga bayani kan aikinsu, da abin da ke sa ya ɗore ko ya rushe.

Kowace shekara, daga watan Oktoba zuwa Disamba, idon mutanen Diffa na kan ma'aunin ruwa na Bagara, a bakin birnin. Idan kogin Komadugu Yobe ya kai santimita 449, hukumomi na shelar a yi hattara. A 2019 da 2022 ruwan ya zarce wannan ma'auni, ya cinye gonaki da gidaje, ya raba dubban mutane da muhallinsu. A waɗannan ranaku an ga samari na cika buhuna da ƙasa dare da rana don toshe inda jinga ta ɓalle.

Wannan aikin gayya ne da kowa ke gani, domin tsoro ne ke haɗa mutane. Akwai wani aikin da ba a cika magana a kansa ba, wanda ke farawa bayan ruwa ya janye. Shi ne kula da tabkunan da kogin ya bari a baya, waɗanda jama'a za su sha, su shayar da dabbobi, su yi ban-ruwa, su kama kifi a cikinsu har faɗuwar wata damina.

Ruwan da ke tasowa daga nesa

Ruwan saman da ke sauka a Diffa kimanin milimita 300 ne a shekara, alhali rana da iska na iya shanye fiye da mita 2 na ruwan da ke kwance a fili cikin wannan lokaci. Ke nan, ba daminar Diffa ce ke cika Komadugu ba. Ruwan na tasowa ne daga Najeriya: kogin Hadeja daga ƙasar Kano, kogin Jama'are daga tsaunukan Jos. Suna haɗuwa a fadamun Hadeja da Nguru, su bi ta Gashuwa da Gaidam, sannan kogin ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya tsawon kimanin kilomita 150, kafin ya faɗa tabkin Cadi kusa da Bosso. Wannan doguwar tafiya ce ke sa cikar kogin ke isowa Diffa bayan an gama girbin gero.

Idan kogin ya cika, yana malala ta ƙananan hanyoyi zuwa tsoffin rassansa da kwarurrukan da ke gefe. Idan ya ja baya, waɗannan wurare su ne ke zama tabkuna. Wasu na ƙafewa cikin wata biyu ko uku, wasu na kaiwa bazara. Kifi na shiga cikinsu ya hayayyafa, ruwan na nutsewa ƙasa ya ciyar da rijiyoyi, manoma kuma na kafa injin ban-ruwa a bakinsu don tattasai da albasa da shinkafa.

Abin da ke faruwa a saman kogin na shafar duk wannan. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a jihar Kano. Tun daga lokacin, yawan ruwan da ke gangarowa da lokacin zuwansa sun sauya. Shi ma tabkin Cadi ya sha wuya: a 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, amma farin shekarun 1970 da 1980 ya raba shi gida biyu, ɓangaren arewa da Nijar ke ciki ya bushe shekaru da dama. N'Guigmi, wadda a da jiragen ruwa ke tsayawa a bakinta, ta koma garin tudu. Ruwan ya riƙa dawowa a shekarun damina mai kyau tun ƙarshen shekarun 1990. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan kogunan da ke shiga tabkin daga Chari da Logone yake zuwa, ta kudu. Komadugu kaɗan take kawowa, amma ita kaɗai ce kogin da ke zuba kai tsaye a ɓangaren arewa.

Mutumin ƙauye ba shi da iko a kan madatsar Tiga ko daminar Jos. Ikonsa na farawa ne daga ranar da ruwan ya iso bakin tabkin garinsu.

Me ke kashe tabki?

Na farko shi ne cikewa. Iskar hunturu na kwaso rairayi, ruwan sama na wanko ƙasa daga gonakin da aka sare wa itatuwa, duka su zube a tabki. Kowace shekara zurfinsa na raguwa, kuma tabki marar zurfi rana na saurin shanye shi. Mafi haɗari shi ne toshewar mashigar da ke haɗa tabki da kogi. Idan ta cike da rairayi, a shekarar da ruwa bai yi yawa ba kogin zai wuce ta gefe, tabkin ya kwana a bushe.

Na biyu shi ne tsirrai masu mamaya. Kachala na son ruwa marar gudu. Tana rufe hanyoyi, ta hana kwalekwale da taru wucewa, ta zama maɓoyar sauro da tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da dawa. A wajen N'Guigmi da Bosso kuma, itacen ƙaya da masana ke kira Prosopis, wanda aka kawo don tsayar da rairayi, ya bazu a busasshen gadon tabkin Cadi har ya zama daji. Yana ba da itacen girki da gawayi, amma yana yaga taru kuma yana toshe hanyar jirgi idan ruwa ya dawo.

Na uku shi ne irin kamun da ba ya barin iri. Taru mai ƙananan ido, har da gidan sauro da wasu ke mayarwa abin kamu, na kwashe ƴaƴan kifi tun ba su girma ba. Akwai dumba, wato jerin gura da ake gittawa a hanyar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa, ta yadda kifin da ke neman shiga tabki ko fita ba shi da mafita. Akwai kuma masu zuba maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso. Dokar kamun kifi ta Nijar ta haramta guba da nakiya tun 1998, sai dai ma'aikatan gandun daji ba za su iya kwana a bakin kowane tabki ba.

Na huɗu shi ne ƙazanta. Noman tattasai na cin taki da maganin feshi. Idan aka wanke injin feshi a bakin ruwa, ko aka yar da kwalaben magani a nan, abin da ya rage yana komawa inda yara ke wanka, shanu ke sha. Bahaya da fitsari a bakin ruwa na yaɗa tsargiya, ciwon da ke sa fitsarin jini, musamman ga yara maza. A watan Afrilun 2017 hukumomi sun tabbatar da ɓarkewar ciwon hanta nau'in E a jihar Diffa, cutar da gurɓataccen ruwa ke yaɗawa, kuma mata masu ciki ne suka fi mutuwa.

Su wa ke wannan aiki?

Tsaron ruwa ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun kafin zuwan doka a rubuce, a ƙauyukan Kanuri na bakin kogi bulama da lawan ne ke faɗin ranar da za a shiga tabki da ranar da za a bar shi ya huta. A wajen masunta Hausawa, sarkin ruwa ke riƙe wannan magana. Ana rufe tabki watanni, sai ranar da aka sa gari ya fito gaba ɗaya a yi su, da homa da gora. Bikin kamun kifi na ƙasar Bade, a Gogaram cikin jihar Yobe, ragowar wannan tsari ne: ruwan da aka tsare duk shekara shi ne ke ba da kifi ranar biki.

Kwamitocin yau sun ɗora ne a kan wannan tushe. Idan ma'aikatar muhalli ko wani shirin raya karkara ya zuba irin kifi a tabki, kamar tarwaɗa da karfasa, akan kafa kwamitin kula da shi daga cikin mutanen gari. Akan sa masunta, da manoman rani, da wakilin makiyaya, da matan da ke soya kifi ko yin banda. Yawanci ba a biyansu. Aikinsu shi ne su tsare tabkin tsawon watannin da aka hana kamu, su duba idon taru, su karɓi ɗan abin da aka yanka wa kowane masunci idan an buɗe, su kuma kira gayya idan mashiga na bukatar yasa.

Yasar mashiga aikin rani ne, lokacin da ƙasa ta bushe. Da shebur da kwando ake yi, a kwashe rairayin a kai shi nesa da gaɓa don kada ruwan farko ya mayar da shi. Yankan kachala kuma na da dabara: idan aka yanke ta sama da ruwa, tana sake tohowa cikin ƴan makonni. Sai an yanke ta ƙasa da fuskar ruwa, yadda kututturen zai nutse ya rasa iska, sannan take mutuwa. Aiki ne na shiga ruwa har ƙirji da lauje, cikin matsattsaku da macizai.

Wani babban aikin kwamiti ba ya bukatar shebur. Shi ne ware mashayar dabbobi. Idan lambuna suka zagaye tabki ba a bar hanya ba, garke zai ratsa ta cikin tattasai, kuma daga nan rikici ke tashi. Dokar makiyaya ta 20 ga Mayun 2010 ta tabbatar wa dabbobi damar kaiwa ga ruwan da ke kwance a fili, ta kuma hana toshe burtali. Amma a ƙasa, mutanen gari ne suka san inda burtalin ya bi, kuma su ne za su fara ganin wanda ya kafa shinge a kansa.

Foulatari: inda rairayi ne abokin gaba

Foulatari ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Maine-Soroa, arewa da kogin, kuma akasarin mutanenta Fulani makiyaya ne. A nan babu Komadugu. Ruwan da ake da shi na tabkunan damina ne, da rijiyoyi, da kwarurrukan da ke tsakanin tuddai, irin waɗanda suka bazu a ƙasar Manga har Goudoumaria da Gure. A cikin irin waɗannan kwarurruka ruwan ƙasa na kusa, shi ya sa ake samun goruba da dabino da lambuna, a wasu kuma kanwa da gishirin mangul.

Tudun da aka cinye wa ciyawa, aka sare wa itace, yana fara tafiya. Iska na tura shi kaɗan-kaɗan har ya sauka cikin kwari, ya binne rijiya da gindin dabino. Hanyar tsayar da shi sananniya ce a yankin. Ana saro rassan kalimbo ko kaba, a kafa shingaye a gicciye da hanyar iska, a yi su gida-gida kamar daran dara. Idan damina ta sauka, a dasa itatuwa a cikin gidajen, a watsa irin ciyawa. Ƙungiyar Karkara ta daɗe tana wannan aiki a yankin, haka kuma shirin PLECO, na yaƙi da cikewar kwarurruka a gundumomin Gure da Maine-Soroa, ya yi shi a farkon shekarun 2010 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Kafa shingen akan biya shi da kuɗi ko abinci. Abin da ke biyo baya ne ke faɗawa kan ƴan sa-kai: gadin wurin shekara biyu ko uku har itatuwan su fi ƙarfin awaki, gyara inda iska ta kayar, hana masu neman itacen girki zare shingen. A ƙasar makiyaya wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin ana roƙon mai dabba ya kau da kai daga ciyawar da yake gani da idonsa, a watan da dabbarsa ke jin yunwa. Shi ya sa gadin da makiyaya ba su sa baki a cikinsa ba ba ya daɗewa.

Akwai igiyar da ta ɗaure Foulatari da kwarin kogin. Idan tabkunan arewa suka ƙafe da wuri, garkuna na gangarowa kudu da wuri, kafin a kwashe amfanin rani. Duk makon da tabkin damina ya ƙara riƙe ruwa a arewa, mako ne na sauƙi ga manomin da ke bakin Komadugu.

Darasin Hadeja da Nguru

Inda aikin gayya a kan ruwa ya fi fitowa fili a wannan kogi shi ne can sama, a jihohin Jigawa da Yobe. Bayan gina madatsun Kano, ruwa ya riƙa gudu a kogin Hadeja har da rani, kachala ta samu abin da take so. Ta toshe hanyoyin da ke kai ruwa Gashuwa, sai ruwan ya karkata ta hanyar Marma zuwa tabkin Nguru. Wasu ƙauyuka suka nutse, wasu suka rasa ko ɗigo. An sanya tabkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, amma sunan bai cire ciyawa ko ɗaya ba.

A shekarun 2000 ƙauyukan da ke kan hanyoyin ruwan suka fara haɗa kai, kowane gari ya ɗauki yankinsa ya yanke da hannu, wasu wurare kuma aka kawo injin yasa. Inda aka buɗe hanya, ruwa ya koma gonakin da suka yi shekaru a bushe. A 2006 jihohi shida na Najeriya, wato Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka kafa asusun kula da kogin, mai mazauni a Damaturu. Abin da aka koya a can guda biyu ne. Idan gari ɗaya ya yanke, na gaba bai yanke ba, ruwa ba ya wucewa. Idan kuma aka yi shekara ɗaya ba a koma ba, kachala na karɓe wurinta.

Wannan ya shafi Diffa kai tsaye, domin ruwan da ya maƙale a Marma ruwa ne da ba zai iso Bagara ba. Hukumar Tabkin Cadi, wadda Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru suka kafa ranar 22 ga Mayun 1964, ta amince da kundin dokar ruwa a N'Djamena a 2012 don tsara irin wannan rabo tsakanin na sama da na ƙasa.

Shekarun dokar ta-ɓaci

A watan Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babur, aka taƙaita sayen man fetur da takin zamani, aka dakatar da cinikin tattasai da kifi. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tabkin Cadi. Ƙauyukan bakin kogi da yawa suka watse, mutanensu suka koma gefen babbar hanya mai lamba 1. A rahotonta na 2017, ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta cewa kafin rikicin banda da tattasai na kawo wa jihar kimanin miliyar 28 na sefa a shekara. An sake buɗe cinikin tattasai a Oktoban 2017, kamun kifi kuma a Maris na 2019.

Waɗannan shekaru sun taɓa tabkuna ta fuska biyu. Inda aka gudu aka bari, babu mai yasa, babu mai gadi, tsarin bulama ya yanke. Inda jama'a suka taru kuma, mutane sama da 200,000 da suka rasa matsuguni sun bukaci itacen girki da ruwa da wurin kiwo daga ƙasar da dama can ba ta da yawa. Kwamitin da aka kafa don gari mai gida ɗari ya wayi gari da baƙi ninki uku, waɗanda ba su san dokar tabkin ba kuma ba a tambaye su lokacin da aka yi ta ba. Inda aka shigar da wakilan ƴan gudun hijira cikin shawara, dokar ta fi samun masu binta.

Me ke sa kwamiti ya ɗore?

Abu na farko shi ne mai gadi ya ga amfanin gadinsa. Idan masunci ya haƙura wata shida, ranar buɗewa kuma wani mai kuɗi ya zo daga birni da babban taru ya kwashe komai, shekara mai zuwa babu wanda zai haƙura. Kwamitin da ya tsara wa zai shiga, da wane irin kayan kamu, da nawa zai biya, shi ne ke rayuwa.

Na biyu shi ne takarda. Tun kundin dokar karkara na 2 ga Maris 1993, Nijar na da kwamitocin ƙasa a matakin ƙauye da ƙaramar hukuma da gunduma, waɗanda aka fi sani da Cofo. Su ne ke da hurumin shata burtali da mashaya su rubuta. Yarjejeniyar tabki da aka yi da baki, babban mutum na iya take ta. Wadda hakimi da hukumar gari da ma'aikatan gandun daji suka sa wa hannu tana da inda za a kai ƙara. Ɗan kwamiti ba ɗan sanda ba ne: ba shi da ikon kama mutum ko cin tara da kansa. Ƙarfinsa shi ne ya gani, ya yi gargaɗi, ya kai rahoto, a kuma saurare shi.

Na uku shi ne asusu. Kwamitoci da yawa ba fari ne ya kashe su ba, kuɗin da aka tara ne ba a san inda suka shiga ba. Inda ake karanta lissafi a bainar jama'a bayan kowane kamu, a sayi shebur da buhuna da sabon irin kifi kowa na gani, mutane na ci gaba da biya.

Na huɗu shi ne sabo da kuɗin aiki. Shirye-shiryen agaji da ke biyan mutane don su yi yasa ko shinge sun ceci gidaje da yawa daga yunwa. Sai dai a wasu garuruwa sun bar baya da ƙura: aikin da a da ake yi da gayya da tuwo, yanzu ana jiran a ji nawa za a biya. Idan shirin ya ƙare, shebur na komawa ɗaki. Garuruwan da suka tsira daga wannan su ne waɗanda suka raba tun farko tsakanin babban aikin da ke bukatar kuɗin waje da gyaran shekara-shekara da ya zama nauyin gari.

Lokacin wannan gyara ƙayyadadde ne. Mashigar da ba a yashe ba tsakanin Maris da Yuni, ba za a iya taɓa ta ba idan kogi ya fara gudu a watan Yuli. Shingen da ba a kafa kafin damina ba, babu inda za a dasa itace a cikinsa. Idan aka rasa waɗannan watanni, sai a jira wata shekara, kuma kafin nan tudun ya ƙara matsowa, tabkin ya ƙara cikewa.